Ɗan koyo da kyamarar farko: wacce zan ɗauka kafin kuɗin su narke?

'Yar_Ɗorayi: Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah masu harkar hoto shawara nake nema. Na gama bautar ƙasa na ɗan tara wani abu daga alawi, ina so in fara ɗaukar hoto a bukukuwan mata irin su kamu da sa lalle da suna, saboda akwai gidaje da yawa a wajenmu da ba sa yarda namiji ya shiga cikin mata da kyamara, sai ka ga amarya ta sha kwalliya ta kuɗi masu yawa amma da waya ƙawaye suke ɗaukarta. Ban taɓa riƙe babbar kyamara ba. Mai shago ya nuna min Canon 2000D sabuwa a kwali, da Nikon D3500, sai wata Canon 700D ta hannu da ya ce daga waje ta zo. Yayana kuma ya ce duk asarar kuɗi ce, in ƙara a kai in sayi iPhone in huta. Kaina ya kulle wlh. Wacce zan ɗauka?

Bakatsine88: Wa'alaiki salam. Canon kawai, kar ki wahalar da kanki. Duk inda kika shiga a garin nan za ki samu batirinta da cajarta da mai gyaranta, ranar da kika so sayarwa kuma ba za ta kwana a hannunki ba.

Sarkin_Nikon: To an fara 😂 Malam Bakatsine ko tambayar ba ka gama karantawa ba. 'Yar'uwa a cikin ukun nan D3500 ta fi fitar da hoto mai tsafta, kuma batirinta a takarda hoto 1,550 yake yi a caji ɗaya, ita 2000D 500 ne, 700D kuwa 440. A inda ake kwana ana wuni ba wuta ai wannan ba abin rainawa ba ne. Sannan tana da wani waje da aka rubuta Guide a jikin abin juyawa na sama, ita da kanta za ta riƙa tambayarki me kike so, bayan mutum ya dushe ne ko ki tsayar da mai motsi, ta nuna miki abin da za ki taɓa. An yi ta ne domin irinki.

Bakatsine88: Sai ka faɗa mata kuma sun daina ƙera ta mana.

Sarkin_Nikon: Ita 700D ɗin da ta fito tun 2013 har yanzu ƙera ta ake?

MaiHoto_Fagge: Ku ɗan dakata da rigimar kamfani. Ƙanwata barka da ƙoƙari, wannan gurbi da kika hango na gaske ne, mu da muke sana'ar sau da yawa a zaure ake tsayar da mu a ce mu jira amarya ta fito. Abin da zan ce miki shi ne tambayarki ba ta jikin kyamara ba ce, ta haske ce. Aikin da kike so ki yi kusan duk a cikin ɗaki yake ko a tsakar gida bayan la'asar, wani lokaci bayan magariba da ƙwan fitila guda ɗaya a sama. Lens ɗin (gilashin gaban kyamara) da suke zuwa da shi su ukun, wato 18-55mm, ƙofarsa ba ta buɗewa sosai, f/3.5 ne in kin ja baya, da kin zuƙo ya koma f/5.6 (lambar f na ƙara girma ƙofar na ƙara tsukewa), a ɗaki mai duhu sai kyamarar ta ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haskenta, hoton ya fito da tsaki-tsaki ko kuma hannun amarya ya ɗan motsa ya fito a jirkice. Daga nan sai ki ce kyamarar ce ba ta da kyau alhali ba laifinta. Saboda haka kar ki zuba duk kuɗinki a jiki. Ki raba su: jiki, lens guda mai buɗewa, filasha ta ɗorawa a kai, batiri na biyu, katin memori biyu. In sayen sabuwa a kwali zai cinye komai ki koma gida da jiki da 18-55 kaɗai, to ni 700D ta hannu zan ɗauka in sayi sauran da canjin. Sikirin ɗinta yana juyawa kuma ana taɓa shi da yatsa, tana da wajen saka makirfo, ita 2000D ba ta da ko ɗaya a ciki duk da ta 2018 ce.

'Yar_Ɗorayi: Na gode Yaya, Allah ya saka. Amma mai shagon ya ce 2000D megafiksel 24 ce ita 700D 18 ce, wai tazarar da yawa.

Injiniya_Zariya: Wannan maganar 'yan kasuwa ce. Megafiksel 18 faɗin hoton 5184 ne tsayinsa 3456, ya isa a wanke babban firem na falo ba wanda zai ce uffan. Kuma ki duba inda hotunan za su ƙare, yawanci WhatsApp da Instagram ne, su kuma matse hoto suke yi su rage shi. Abin da ke sa hoton kyamara ya bambanta da na waya girman sensa (farantin da ke kama haske a cikin kyamara) ne da lens, su ukun nan kuwa girman sensarsu kusan ɗaya.

Ummu_Turare: Ni fa ina bayan yayanki. Ni turaren wuta da humra nake sayarwa, na sayi kyamara don hoton kaya, yanzu tana cikin durowa, da waya nake komai. In ɗauka in gyara in ɗora duk a minti biyar. Ita kuwa sai na cire kati na nemi laftof na tura, kafin nan kwastoma ta tafi wajen wata. Ki yi tunani sosai.

Hajiyar_Lalle: Ummu ai harkarki daban tata daban. Kwalba ba ta motsi kuma ke kike zaɓar inda za ki ajiye ta bakin taga. Ni mai ƙunshi ce kullum ina gidan biki, uwar amarya ba za ta ciro kuɗi ta ba yarinyar da ta zo da waya a hannu ba, za ta ce ai su Ummi ma suna da irinta. Mutanenmu sai sun ga abu rataye a wuya da filasha a kai suke yarda aiki ne. Ban ce daidai ba ne amma haka abin yake.

Ummu_Turare: Hakane kuma Hajiya, wannan ban musa ba.

Kb_Pixels: 50mm f/1.8 shi ne maganin komai, ki haɗa da shi ko wacce kika saya. Shi ne lens mafi araha da zai narkar miki da baya amarya ta fito ita kaɗai tas.

MaiHoto_Fagge: Kb gaskiya ka faɗa amma ba duka ba. A kan waɗannan ƙananan Canon ɗin 50mm yana zama kamar 80mm ne saboda sensar tana yanke gefe, ana ninkawa da 1.6, a Nikon 1.5. Ka taɓa shiga ɗakin amarya ranar jere? Gado ya cinye rabi, ga wadirof ga madubi ga akwatuna, ƙawaye takwas sun jeru suna so a ɗauke su tare, kai kuma bayanka ya riga ya manne da bango, fuska biyu da rabi kawai za ka samu. 50mm na hoton mutum ɗaya ne, fuska, ɗankunne, zanen lalle a hannu, nan kam ba ya da na biyu. Na cikin ɗaki in Canon ce akwai ɗan siririn nan EF-S 24mm f/2.8, in Nikon ce 35mm f/1.8G DX. Hoton taro kuma ta koma kan 18-55 ɗinta da filasha, kar ta yar da shi.

Sarkin_Nikon: Yauwa, kuma in Nikon ɗin ta ɗauka ta kula da wannan: D3500 ba ta da injin fokas a jikinta, dole lens ɗin ya zama mai injin fokas nasa, wanda aka rubuta wa AF-S ko AF-P. Akwai tsohon 50mm mai harafin D a ƙarshe da ake sayarwa da araha, zai hau lafiya lau amma ba zai yi fokas da kansa ba sai da hannu. Mai G za ta nema.

Bakatsine88: Kun ji ko, tun ba a saya ba an fara sharuɗɗa 😂 Canon duk lens ɗinsu na EF da EF-S da ka ɗora mata tafiya kawai take.

Abba_Tech: Ni mamaki kuke ban wlh, ana wannan zamanin kuna tura yarinya ta sayi DSLR, wato kyamara mai madubi a ciki irin ukun nan. Kamfanonin da kansu sun koma marasa madubi, Canon ma sun faɗa cewa 1D X Mark III ce babbar DSLR ɗinsu ta ƙarshe. Ta nemi Canon R50 ta 2023 ko Sony a6400, suna kama idon mutum da kansu su bi shi duk inda ya juya, kuma abin da ta gani a sikirin kafin ta danna shi ne zai fito, ɗan koyo ya fi saurin gane haske a haka. Ga bidiyo 4K, yanzu kowace amarya ɗan gajeren bidiyo take so na TikTok ba hoto kaɗai ba.

Injiniya_Zariya: Abba duk abin da ka faɗa haka ne, sai dai ka tambayi kuɗin R50 tukuna. Alawin bautar ƙasa ta ce ta tara ba kwangila ta samu ba. Tun da aka saki naira a 2023 kayan nan suka yi sama, dala ce ke juya su. Kuma wannan komawar da manya suke yi zuwa marasa madubi ita ce ribar mai ƙaramin ƙarfi, suna ta zubar da tsofaffin jiki da lens na EF a kasuwa. Lens ɗin EF da ta saya yau ba asara ba ne, gobe in ta samu Canon mara madubi ta layin R irin su R50 akwai adafta da za ta ɗora shi ya yi aiki.

Abba_Tech: To ko Sony a6000 ta hannu, ai tana nan da araha.

Kb_Pixels: a6000 na yi amfani da ita, mai kyau ce ga sauri ga rashin nauyi, amma batirinta ɗan ƙarami ne ba ya kai ka ƙarshen dina, sai ka cika aljihu da su. Ba ta da ramin makirfo irin na kowa, kuma ta 2014 ce ita ma. Wadda zan ce ta yi hattara da ita Canon M50 ce, za a yi ta tallata mata saboda kyanta da araharta, amma Canon sun rufe wannan layin na EF-M, kuma lens ɗinsa ba ya hawa kan R.

Dan_Maradi: Salamu alaikum. Ni abin da ban ji kowa ya taɓo ba shi ne ƙura. Mu nan lokacin hunturu in ka buɗe kyamara waje ka sauya lens to ka gama, duk hoton da ka yi sama za ka ga ɗigo-ɗigo baƙi wuri guda. Mara madubi ta fi ɗaukar wanga abu don sensarta a buɗe take da ka cire lens. Ki riƙa sauyawa cikin ɗaki, bakin kyamara na kallon ƙasa, ki kashe ta tukun. Ki sayi 'yar robar nan da ake matsawa tana hura iska. Kada ki hura da baki, kada ki sa gefen mayafi ki goge ciki, na ga wanda ya yi haka sensa ta karce.

Zango_Kumasi: Mu kuma nan damshi ne matsalarmu. Lens ya kwana biyu a jaka lokacin ruwa sai ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo ya fito daga cikin gilashin. Kayan da suka zauna a bakin teku kafin su hau arewa a duba su da kyau. Ki riƙa ajiye ƙananan ƙunshin nan masu shan damshi da ake samu a kwalin takalmi a cikin jakar.

'Yar_Ɗorayi: Tsorona da ta hannu ke nan, ban san me zan duba ba, ana iya ba ni gawa in yi ta godiya.

MaiHoto_Fagge: Kar ki je ke kaɗai, wannan na farko. Ki samu wanda yake sana'ar ko da za ki ba shi na mai. Ki tafi da katin memorinki da laftof in akwai. Abu na gaba lissafin shata, wato sau nawa aka danna ta tun da aka ƙera, irin waɗannan ƙananan ana kiyasta musu wajen 100,000 ne, wadda ta yi aikin biki shekara da shekaru tana iya kusa da nan ko da jikinta na sheƙi. Ta Nikon lissafin yana cikin bayanan hoton da kika ɗauka, ta Canon sai an jona ta da kwamfuta da wata manhaja. In mai shago ya ce ba a dubawa ki yi masa sallama. Sai ki juya abin juyawa na sama zuwa Av, inda ke kike zaɓar lambar f, ki kai lambar f/22 ki ɗauki farin bango ko sama, ki buɗe hoton ki zuƙo, duk dattin sensa da karce zai bayyana. Ki cire lens ki haska tocilan ta bayansa ki leƙa, ƙura kaɗan ba komai, hazo ko zare-zare ki ajiye. Ki juya sikirin ta kowane ɓangare ki ga ba ya ɗaukewa. Ki duba dunƙulen ƙarfen sama inda filasha ke zama, da ƙananan sukurorin jiki, in kansu ya cinye an taɓa buɗe ta. Ki ɗauki mutum ki sa fokas a ido ki ga a idon ya sauka ko a kunne. Sannan a rubuta miki rasit da lambar jikin kyamarar, ku yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a gaban shaida.

Malam_Sani_Foto: Allah ya biya ka Fagge. In ƙara abu ɗaya kan filasha tunda an ce ta saya. Wasu 2000D ɗin sun fito ba su da ɗigon ƙarfen nan na tsakiya a mazaunin filasha, to filasha mai araha da ba ta kamfanin ba sai ta ƙi tashi. Ta leƙa da idonta, ko ta sa a ɗora filashar a gwada a shagon kafin ta biya. Kuma 'yata in kin samu kar ki haska mutane a fuska kai tsaye, hoda da jan baki su yi ta ƙyalli ga baƙar inuwa a bango. Ki ɗaga kanta sama hasken ya daki silin ya sauko a hankali. In silin ɗin fari ne kin huta, in mai launi ne launin zai sauko a fuskar mutane, sai ki juya ta ga farin bango.

Hajiyar_Lalle: Malam wannan na ƙyallin fuska wlh shi ne kukan masu kwalliya, a ɓata awa biyu ana yi mai hoto ya zo ya mai da amarya fara fat kamar ba ita ba.

Malam_Sani_Foto: Ai akwai kishiyarsa ma Hajiya. Baƙar mace kyakkyawa ta sa farin leshi, ko ango da farar shadda, kyamara in tana kan oto sai ta ga fari ya yi yawa ta rage haske, kaya su fito daidai fuska ta nutse. Sai mai hoto ya ƙara da kansa, akwai maɓalli mai alamar +/-, ko ya auna hasken a kan fuskar. Shi ya sa nake cewa yarana su ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba, in an zo gyara ana iya ɗago fuskar ba tare da leshin ya ƙone ba. Wannan ba kuɗin kyamara ke yin sa ba, na ga mai babbar Canon 5D Mark III yana wannan ɓarnar na ga yaro da ƙaramar 600D yana fitar da abin mamaki.

Abba_Tech: Shi ya sa na ce mara madubi, tana gani tun kafin ta danna 🤷🏾‍♂️

Bakatsine88: Abba kai dai ka tura mata cikon kuɗin kawai a wuce wajen.

Maman_Hanan: Ni ba ruwana da Canon ko Nikon, nasiha ce da ni. 'Yata dalilin da zai sa a bar ki ki shiga cikin mata shi ne amana. Za ki ɗauki matan aure ba mayafi suna rawa, hotunan nan suna katinki suna laftof ɗinki. Kar ki ɗora ko ɗaya a shafinki don talla sai mai shi ta yarda da bakinta, ba amarya kaɗai ba har waɗanda suka fito a bayanta. Kar ki ba ƙanenki ko wani a shago ya yi miki editin, ki koya da kanki, in kuma wankewa za a kai ki zaɓi waɗanda za a kai kaɗai ba katin gaba ɗaya ba. Hoto ɗaya ya fita yawo sunanki ya ɓaci a unguwa gaba ɗaya.

'Yar_Ɗorayi: In sha Allah Mama, na riƙe wannan. To ashe har laftof sai ya shiga lissafi, ni wadda nake da ita tsohuwa ce tun ta makaranta.

Injiniya_Zariya: Za ta yi miki a farko, wannan ma wani dalili ne na kar ki bi 4K da manyan fayil yanzu. Canon suna da manhajarsu kyauta ta buɗe RAW, Digital Photo Professional, Nikon kuma NX Studio. Kati kuma ki saya a wajen da kika yarda da shi, jabu sun cika kasuwa, za a rubuta 64GB ya yi ta karɓar hoto sai kin dawo gida ki ga rabi ba sa buɗewa. Kyamarorin nan ramin kati ɗaya gare su, gara ƙanana biyu ko uku kina sauyawa da babba guda ɗaya. Da kin dawo ki kwafe a wuri biyu kafin ki goge komai, biki ba a maimaita shi.

Dan_Gwale: Ku yi haƙuri in shigo da tawa, ni hawan sallah nake so in riƙa ɗauka, Hawan Daushe da Nasarawa, 50mm ɗin zai yi min?

Kb_Pixels: Sai dai in kana so doki ya taka ka 😂 55-250mm za ka nema in Canon ce, ko 70-300mm. Da rana ne haske ya wadata, ka ɗaga gudun shata, wato saurin ɗaukar hoton, zuwa 1/1000 na daƙiƙa saboda sukuwa.

Sarkin_Nikon: Mu dawo kan mai tambaya. Har yanzu ina nan a kan D3500 da 35mm, bidiyo ba shi ta ce za ta yi ba balle a dame mu da makirfo.

MaiHoto_Fagge: Ba ta ce ba amma za a tambaye ta, ranar farko ma. Ni dai abin da zan ƙara, ta duba su wa ke kusa da ita. In wadda za ta koya a wajenta ko wanda zai ara mata lens ranar da aiki ya taso Nikon yake riƙewa, ta bi Nikon ba gardama. Kuma kafin ta biya ta riƙe kowacce a hannu na ɗan lokaci, wuni za ta yi da ita a wuya.

'Yar_Ɗorayi: Akwai wata Anti a Gwammaja da take wannan aikin, na yi mata magana ta ce in bi ta wani kamu ranar Juma'a in riƙe mata fitila in gani, ita Canon 80D take amfani da ita. Mai shagon kuma na kira shi kan lissafin shata na 700D ɗin ya ce zai duba ya faɗa min, ya ƙara da cewa akwai 250D ta hannu da ta shigo amma ta fi tsada.

Abba_Tech: 250D kam in kuɗinki sun kai ki ɗauka, ta 2019 ce, fokas ɗinta a sikirin ya yi wa 700D nisa.

Malam_Sani_Foto: Ita ma a leƙa mazaunin filasharta, irin na 2000D ɗin ne ba ɗigon tsakiya. Kuma kar ki yarda da "zai duba ya faɗa miki", a gabanki za a jona a duba.

Bakatsine88: Nawa ya ce miki 250D ɗin? In da 18-55 ne kuma ke ba za ki ɗauka ba ki min magana ta inbos, ƙanena yana nema.